Matambayi Ba Ya Ɓata: Mu Bar Yaran Zango Su Yi Tambaya Tun Suna Ƙanana



Shekaru masu yawa ke nan muna zama a gefen Maigida a zaure, riƙe da littafi da alƙalami, muna rubuta ƙararrakin da ake kawowa da sulhun da ake yi. Wanda ya daɗe a kan wannan tabarma, ko bai so ba, zai lura cewa matsalolin jama'a suna da fuskoki iri-iri amma saiwarsu ɗaya ce. A cikin 'yan watannin nan mun rubuta ƙarar wata baiwar Allah da ta kwashe kuɗin adashin mata 'yan'uwanta ta miƙa wa wani da ya yi alkawarin ninka su kafin watan azumi. Mun rubuta ta wani saurayi da ya sayar da keken ɗinkinsa ya ba dillalin biza, har yau ba biza ba keke. Mun rubuta ta wani dattijo da aka buga wa waya aka ce an turo masa kuɗi bisa kuskure, ya bi umarnin mai kiran ya danna lambar sirrinsa ta MoMo, aka share abin da ya tara domin auren 'yarsa. Duk wanda Maigida ya tambaya, "To me ya sa ka yarda?", amsar ba ta canzawa: "Ranka ya daɗe, ce mini aka yi."

A ranar da muka rubuta ƙarar dattijon nan an yi ruwa mai ƙarfi. Da muka fito daga zaure sai muka tarar da wata yarinya 'yar shekara biyar, jikar maƙwabtanmu, tsaye a bakin ƙofa tana kallon ruwan kwata yana kwarara cikin gidansu. Ta ja zanen mahaifiyarta ta ce, "Umma, me ya sa ruwan ya bar hanyarsa ya shigo gidanmu?" Uwar tana fama da tsintsiya da bokiti, ta daka mata tsawa: "Yi mana shiru, kin cika surutu! Ikon Allah ne." Yarinyar ta yi tsit. Ba mu ga laifin uwar ba, domin wanda ruwa ya shigar wa ɗaki ba shi da lokacin bayani. Amma a nan ne muka haɗa abubuwan biyu. Dattijon da bai tambayi mai waya "Kai wane ne, kuma ta yaya zan tabbatar?" ba, ya taɓa zama yaro ɗan shekara biyar mai yawan tambaya. An yi ta ce masa ya yi shiru har ya koyi shirun.

Ra'ayinmu shi ne, ya kamata mu fara koya wa yaranmu auna magana da neman dalili tun suna tsakanin shekara uku zuwa shida, kuma wurin da ya fi dacewa da wannan karatu shi ne unguwar da suke zaune a ciki. Abin da muke nufi da auna magana ba wani abu ne mai nisa ba. Yaro ya saba duba abu da idonsa kafin ya yanke hukunci. Ya saba tambayar "me ya sa" da "wa ya faɗa". Ya iya ajiye abu biyu gefe da gefe ya faɗi inda suka yi kama da inda suka bambanta. Ya san cewa mutumin da ke tsaye a wancan gefen titi yana ganin abin da shi ba ya gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma waɗannan halaye huɗu suna kama jikin ɗan shekara huɗu cikin sauƙin da ba sa kama ɗan shekara ashirin.

Gwamnatin Ghana ma ta san da haka. Tun gyaran ilimi na 2007 aka shigar da azuzuwan KG na shekara biyu cikin ilimin tushe, domin yara 'yan shekara huɗu da biyar. A 2019 aka fara aiki da sabuwar manhaja wadda ta ambaci zurfin tunani da warware matsala a cikin manyan ƙwarewar da ake son yaro ya samu. Darussan KG kuwa an jera su daga kusa zuwa nesa: yaron kansa, iyalinsa, ɗabi'u da abin da mutane suka yi imani da shi, unguwarsa, ƙasarsa Ghana, abubuwan da ke kewaye da shi, sannan duniya. A takarda tsari ne mai kyau. Sai dai duk wanda ya leƙa ajin KG a unguwanninmu ya san abin da muke gani: yara sun cika ɗaki, malama ɗaya ko biyu, kuma hanyar da ta fi sauƙin riƙe taron ita ce ta faɗa su maimaita. Ga kuma batun harshe. A cikin harsuna goma sha ɗaya da gwamnati ta daɗe da amincewa a koyar da su a makarantu, irin su Tuwi da Fante da Ga da Dagbani da Gwanja, babu Hausa. Yaronmu yana tunani da Hausa a gida, a aji kuwa ana tambayarsa da Turanci ko Tonanci. Wanda bai mallaki harshe ba yakan iya maimaita jimla da shi, amma da wuya ya yi gardamar dalili da shi. Don haka darasin "unguwata" ba zai cika a aji kaɗai ba. Rabinsa yana hannunmu, mu da muka san kowane lungu da sunan mai shi.

Mun san abin da wasu dattawa za su ce, domin an faɗa mana shi a fuska. Za su ce yaran zamani rashin kunyarsu ta isa, idan aka ƙara buɗe musu baki ba a san inda za a tsaya ba. Za su ce mu da aka rene mu da allo da dorina ai ba mu lalace ba, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma ba mu raina shi ba. Mu ma 'yan makarantar allo ne. Da tawada da zuge muka fara, kuma hadda ta ba mu abin da har kabari muna godiya a kansa. Akwai karatun da ba ya samuwa sai ta maimaici, kuma ba muna kira a rage ko aya ɗaya daga abin da yaro zai haddace ba.

Amma mu tuna yadda karatun ya kasance bayan sauka. Da muka zauna gaban malam da Ahalari da Ishmawi da Risala, malamin kirki ya fi son ɗalibin da zai ce, "Allah gafarta malam, to idan mutum ya tuna bayan ya yi sallama fa?" Fiƙihu kansa a kan irin waɗannan tambayoyi aka gina shi. Malaman hadisi sun ƙarar da rayuwarsu suna bin diddigin tambaya ɗaya, wato wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji, kuma an san shi da gaskiya? A cikin Suratul Hujurat an umarce mu da mu binciki labari kafin mu yi aiki da shi, kada mu cuci mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. An kuma ruwaito cewa Imamu Malik, da girmansa, ya sha amsa tambaya da cewa bai sani ba. Wanda ya gaji wannan tarbiyya bai kamata ya ji tsoron tambayar yaro ba.

Kakanninmu fatake ma haka suke. Mutumin da ya taso daga Kano ko Katsina ya yi watanni a hanyar Gwanja domin goro, idan ya isa Salaga ba ya karɓar huhu don kawai dillali ya rantse. Sai ya kwance ganye, ya juya goron, ya fasa ɗaya ya duba ko akwai sankara, ya bambanta sabo da daushe. Madugun da ke yarda da kowane labarin hanya ba ya kai ayari gida. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, lokacin da fatake da malamai suka watsu zuwa Karachi da Yeji da Kintampo da sauran garuruwa, waɗanda suka sake kafuwa su ne masu iya karanta sabon wuri da mutanensa. Alhaji Umaru na Karachi, haifaffen Kano wanda ya rasu a 1934, bayan karantarwar addini ya zauna ya rubuta bayanin sana'o'i da al'adu da tarihin mutane kamar yadda ya gani ya kuma bincika. Nazarin zaman jama'a da ake kawo mana yau a matsayin sabon abu, malamanmu sun riga sun yi shi da ajami.

Rashin kunya kuwa daban take da tambaya. Yaron da ya ce wa babba "ƙarya kake" yana bukatar gyara. Yaron da ya ce "Baba, ta yaya aka sani?" yana bukatar amsa. Aikinmu shi ne mu koya masa ladabin tambaya: ya yi sallama, ya rusuna, ya jira a gama magana, ya sassauta murya, sannan ya tambaya. Idan muka rufe bakinsa gaba ɗaya, ladabin da muka samu na ɗan lokaci ne, domin ranar da ya girma zai miƙa wannan biyayyar ga duk wanda ya fi ɗaga murya, ko ɗan damfara ne ko ɗan siyasa. Mun ga yadda aka yi ta ɗibar samarin unguwanninmu ana mayar da su 'yan bangar jam'iyyu, har sai da majalisa ta kafa dokar haramta ƙungiyoyin banga a 2019. Yawancin waɗannan samari masu biyayya ne ƙwarai. Abin da suka rasa shi ne tambayar, "Idan an kama ni, wa zai zo beli, kuma ina 'ya'yan mai aiken nawa?"

To me za a yi a aikace? Ga abubuwan da muka gwada da yaran layinmu, babu wanda ya ci ko sidi ɗaya.

Na farko, zagayen unguwa. Babba ɗaya ko biyu su ɗauki yara kamar takwas da safiyar Asabar, a bi layi ɗaya kawai, bayan an nemi izinin masu sana'a tun jiya. A tsaya wurin mai koko da ƙosai, a bar yaran su tambaye ta da kansu: ƙarfe nawa take tashi, daga ina geron ya zo, wa ya niƙa shi, me take yi ranar da injin niƙa ba shi da wuta? A wuce wurin tela, wurin mahauci, wurin mai gyaran takalmi. Idan an dawo a zauna a ƙasa, a ba su tsinke su zana hanyar a kan rairayi, su sa dutse a madadin masallaci, marfin kwalba a madadin famfo. Nan take za ka ji gardama ta tashi a kan ko shagon tela yana gaban famfo ne ko bayansa. Kada babba ya raba gardamar da bakinsa. Ya ce, "To mu koma mu duba." Gani ya kori ji, kuma yaron da ya taka da ƙafarsa ya gano kuskurensa ba ya mantawa. Sannan a jefa musu tambayar da ke nuna yadda mutane suka dogara da juna: idan mai ɗebo ruwa bai zo ba gobe, su wa za su rasa abin karyawa?

Na biyu, kasuwar wasa. Yara dama suna yin ta, mu dai za mu ƙara mata gishiri. A ba mai sayarwa gwangwani biyu, ɗaya dogo siriri, ɗaya gajere mai faɗi, da tulin yashi a matsayin gari, marafen kwalba kuma su zama kuɗi. A tambayi masu saye wanne mudu ya fi ci. Kusan dukansu za su nuna dogon, domin idon ɗan shekara huɗu tsawo yake bi. Sai a ce su juye wannan cikin wancan su gani. Ranar da muka yi haka, wani yaro ya sake juyewa har sau uku yana zaton yashin ne ya zube. A wannan ɗan wasa ya koyi cewa ido yana iya ruɗuwa, kuma akwai hanyar gwadawa. A nan ne ake dasa maganar cika mudu da haramcin tauye shi, ta shiga da hannu kafin ta shiga da kunne.

Na uku, tatsuniya mai tsayawa a tsakiya. Iyayenmu mata su ne gwanayen wannan. Idan Gizo ya zo wa Ƙoƙi ko wa Kura da zaƙin bakinsa, kaka ta dakata ta ce, "Ku kun yarda da shi? Me ya faɗa da ya sa kuka yi shakka? Da ke ce, me za ki tambaye shi?" Tatsuniyoyinmu cike suke da mayaudara da waɗanda aka yaudara, kamar dai an shirya su ne domin wannan darasi. A haɗa da wasan raɗa: yara su jeru, a raɗa wa na farko magana, ya raɗa wa na kusa da shi, har ta kai ga na ƙarshe ya faɗa a fili. Za su yi ta dariya da suka ji yadda "akuya ta sha koko" ta koma wani abu dabam. Sai a ce musu, haka labari yake lalacewa idan ya bi bakuna da yawa, har wanda ake turowa a wayar Umma.

Na huɗu, zaman sulhu. Idan yara biyu suka yi faɗa a kan ƙwallo, mun saba mu mari babban ko mu ce ƙaramin ya yi haƙuri. Mu gwada abin da Maigida ke yi a zaure. A zaunar da su, wannan ya yi magana wancan ya saurara, sannan a juya. A tambayi wanda ya ba da shaida, "Ka gani da idonka, ko faɗa maka aka yi?" A ƙarshe a tambayi sauran yaran mece ce mafita mai adalci. Za ku yi mamakin hukuncin da 'yar shekara biyar za ta yanke idan aka ba ta dama.

Na biyar, sanin maƙwabta da sanin asali. Zango taron kabilu ne: Hausawa, Mosawa, Dagwambawa, Zabarmawa, Fulani, Yarabawa, Wangarawa, Kotokoli, ga kuma Tonawa masu masaukinmu. A tura yara su tambayi maƙwabta yadda ake cewa ruwa a harshensu. Za su dawo da "nsuo" daga Batone, "kom" daga Badagwambe, "omi" daga Bayarabe, "hari" daga Bazabarme. A tambaye su, wanne ne sunan gaskiya? Daga nan za su gane cewa abu ɗaya yana iya samun sunaye da yawa ba tare da wani ya yi ƙarya ba. A nuna musu cewa shinkafa da waken da duk Ghana ke kira "waakye", da koko, da ƙosai, da tuwon zafi, sunayensu daga bakin kakanninsu suka fito. A kai su wurin tsohuwar gida ta faɗa musu garin da kakan kakansu ya taso da abin da ya kawo shi. Wannan ba abin ado ba ne a gare mu. Iyayenmu sun ga abin da ya faru a Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasa, aka raba gidaje, har waɗanda aka haifa a nan suka shiga tasku. Har gobe ɗanmu zai gamu da wanda zai dubi sunansa ya ce, "Kai ɗan ina ne?" Yaron da ya san tarihinsa kuma ya iya jera hujja zai amsa cikin natsuwa. Wanda bai sani ba, ko dai ya sunkuyar da kai ko ya kai hannu.

Akwai iyaka, kuma dole mu faɗe ta. Ba kowane abu ake sa wa a muhawara da ƙaramin yaro ba. Idan mota na tahowa, janye shi ake yi, bayani ya biyo baya. Kada kuma mu mayar da wasan ya zama jarrabawa mai bulala, domin yaron da ke tsoron kuskure ba ya gwada tunani. Minti goma sha biyar ya isa, idan sun gaji a bar su. A ba 'ya'ya mata dama daidai da maza, domin mun lura su aka fi yi wa tsawar "mace ba ta yawan magana", alhali su ne gobe za su riƙe adashi da jarin gida da tarbiyyar wasu yaran. Abu mafi nauyi kuwa yana kanmu manya: mu koyi cewa, "Ban sani ba, zo mu je mu tambayi wanda ya sani." Girman uba ba ya raguwa da wannan. Kuma mu rage miƙa wa yaro waya don ya ƙyale mu, domin hoton da ke gudu a gabansa ba ya jiran tambayarsa.

Muna roƙon malaman makarantun allo da na Islamiyya, har da waɗanda ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci da aka kafa a 1987, su ware ɗan lokaci a mako domin ƙananan ɗalibai su yi tambaya a kan abin da suka gani a hanya. Muna roƙon iyaye su halarci taron iyaye da malamai, su gayyaci malamar KG ta fito da ajinta cikin unguwa, mu kuma mu ba ta 'yan rakiya da masu fassara. Muna roƙon sarakuna da masu unguwanni su buɗe zaurukansu ko sau ɗaya a wata, yara su zo su ga inda ake sulhu su tambayi dattawa. An kafa asusun raya zanguna a 2017, kuma muna maraba da duk ajin da aka gina da duk kwatar da aka gyara. Amma abin da za a zuba a kan yaron da ke zaune cikin ajin, babu asusun da zai yi mana shi.

Yarinyar nan da muka ambata, bayan kwana biyu mun nemi izinin mahaifinta, muka riƙe hannunta tare da yayyenta muka bi kwatar zuwa ƙasa. Ba mu ce mata komai ba. Ita da kanta ta tsaya a inda ledojin ruwa da robobi suka cushe ƙarƙashin gada, ta nuna da yatsa ta ce, "Baba, ga abin da ya tare masa hanya." Sai ta ƙara da tambayar da ta sa muka rasa ta cewa: "To wa ya zuba su?" Ruwan sama ikon Allah ne, uwarta ba ta yi ƙarya ba. Ledojin kuwa hannuwanmu ne suka jefa su, kuma duk damina haka rafin Aboabo ke mayar mana da abin da muka ba shi. Asabar ɗin da ta biyo baya samarin layin suka fito da shebur, ita kuma tana tsaye tana ƙirga buhunan da aka cika.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani da basirar rarrabe gaskiya da ƙarya, ya ba mu haƙurin sauraronsu. Allah ya zaunar da zangunanmu da ƙasarmu lafiya.